Kakar da Ashura ta haɗu da azumin Yahudawa

Watan Muharram ba ya faɗowa a kaka sai bayan shekara talatin da 'yan kai, ya yi shekara biyu ko uku a nan, sannan ya ja baya ya shiga damina. Dalilin sananne ne: shekararmu ta wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi da salla suke zagaya yanayi duka. Yahudawa su ma da wata suke ƙidaya, sai dai sun ɗaure watanninsu da yanayi. A cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata guda har sau bakwai, don kada bukukuwansu su bar lokacin da suka gada. Saboda haka sabuwar shekararsu ba ta wuce Satumba ko farkon Oktoba, kuma duk sa'ad da Muharram ya iso kaka sai ya hau kan watansu na Tishri, ɗaya ga wata kan ɗaya ga wata, goma kan goma. An yi wannan haɗuwa a 1984 ina yaro a Nasarawan Doya, ban ma san ana yi ba. An sake yin ta a 2016, ta same ni a birnin Mancesta na Ingila, a tsakiyar mutanen.

Ta 1984 ba ta zo wa talaka da sauƙi ba. Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama, soja sun karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983, an canja kuɗi a watan Afrilu, sabulu da sukari da madara kuwa sai wanda ya jure bin layi a Zariya. A lokacin ƙasarmu tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ikara, ba a fitar da Maƙarfi da Kudan ba tukuna. Duk da haka kakata ta wajen uba, wadda gidan duka ke kira Iya, ta ce ko da bashi sai an yi cika-ciki. Tun Babbar Salla ta sa an ware jelar ragon layya, an barbaɗe ta da gishiri, an rataye a saman murhu hayaƙi yana bugunta wata guda cur. Ranar tara ga wata da la'asar aka sauko da ita, aka haɗa da zakara biyu, aka yi miyar taushe da sabuwar kabewa da yakuwa da gyaɗar da ba ta gama bushewa ba. Tuwon na sabon gero ne, don dawa ba ta nuna ba.

Dokar daren guda ce, a ci har a ture. Iya takan bi mu ɗaya bayan ɗaya tana latsa cikinmu da yatsa, wanda ta ji da sauran wuri ta ƙara masa malmala. Wai wanda bai ƙoshi a daren ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. Akusa suna fita suna shigowa. Namu ya tafi gidan liman da gidan wanzami da gidan wata tsohuwa da ba ta da kowa, na wasu ya shigo mana, har ka rasa tuwon wane gida kake ci. A shekarar yunwa wannan musaya ba wasa ba ce, akwai gidajen da rabonsu da nama tun layya. Bayan isha samari suka kunna karan dawa na bara da tsofaffin tsintsiyoyi, suka bi gari da gudu suna wulwulawa, suka je bakin rafi suka watsar. Da asuba aka koma rafin aka yi wanka, wai a wanke dauɗar tsohuwar shekara. Hantsi na yi dattawa suka taru a ƙofar masallaci, liman ya buɗe wata tsohuwar takarda yana karanta abin da shekara za ta zo da shi, na ruwa da na annoba da na mutuwar manya. Mu muna can muna kokawa da taubasai kan kuɗin shara, jikoki sun tsare kakanni sai sun biya.

Ana cikin girkin ne na tambayi Iya dalilin wannan ci. Ta ce ranar ce jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, aka tattara ɗan abin da ya rage na guzuri aka dafa, kowa ya ƙoshi bayan doguwar wahala. Kawuna, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a birnin Zariya ba, yana zaune gefe leɓɓansa a bushe don yana azumi. Ya ce, "Iya, ki bar gaya wa yaro abin da ba shi da tushe." Ta ce, "To Malam ƙarami, gaya masa mai tushen." Sai ya ba ni labarin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin wannan rana don godiya ga Allah da Ya kuɓutar da Annabi Musa daga Fir'auna, shi ma ya azumce ta ya umarci sahabbai, daga baya kuma ya yi niyyar haɗawa da ranar tara. Kafin ranar ban taɓa jin an ambaci Bayahude a garinmu ba sai a bakin mai zagi, in an tashi kwatanta marowaci ko mai taurin kai. Ashe suna azumi.

Na je Mancesta ne ƙarin karatu a kan aikina na koyarwa. A tsakiyar 2016 darajar Naira ta faɗi, abin da ake turo mini daga gida ya daina kai ni ƙarshen wata, dole na nemi ɗan aikin da doka ta yarda ɗalibi ya yi. Ɗakina yana Cheetham Hill, unguwar da a da ta Yahudawa ce, yanzu ta cika da 'yan Pakistan da Larabawa da mu 'yan Afirka, ga masallatai ga mahautan halal. A bakin babban titinta akwai tsohuwar majami'ar Yahudawa da aka gina a 1874, an mayar da ita gidan tarihi. Fatake ne suka gina ta, mutanen Maroko da Jibralta da Halab, waɗanda cinikin yadi ya kawo birnin. Duk ɗan ƙasar Zazzau yana da hannu a wannan ciniki ko bai sani ba, domin a Mancesta aka kafa Bisije a 1902, masu sayen audugar kakanninmu su gurza a Zariya, a kai Ingila a saƙa, a dawo mana da ita akoko. Kano ma ta taɓa samun nata, Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa a zamanin Turawa.

Yahudawan unguwar sun matsa gaba kaɗan zuwa Broughton Park da Prestwich, kuma in ka cire Landan babu inda suka kai Mancesta yawa a Birtaniya. Can na sami aiki a wani shagon kayan abinci, ina sauke kwalaye ina jera kaya. Mai shagon dattijo ne da ya haura saba'in, iyayensa daga gabashin Turai suka zo, matarsa kuwa 'yar Yahudawan Maroko ce. Bakina ya kasa kiran sa'an mahaifina da sunansa gatsal yadda suke yi a can, sai na riƙa ce masa Baba, ita kuma Mama. Ya tambayi dalili na gaya masa. Ya ce to shi ma ba zai kira malamin makaranta da sunansa ba, me ake ce wa irina a gida? Daga ranar na zama Malam.

Mako guda kafin Rosh Hashana, wato sabuwar shekararsu, shagon ya cika ya batse. Zuma kwali-kwali, tuffa, rumman, dabino, burodi mai zagaye da zabibi a ciki maimakon dogon mai kitso na ranar Asabar. Ranar Lahadi 2 ga Oktoba aka rufe tun azahar. Da rana ta faɗi suka shiga shekara ta 5777 a ƙidayarsu, mu kuma muna shiga 1438, wasu ƙasashe a ranar, wasu washegari. Baba ya gayyace ni cin abinci a dare na biyu. Na yi ta jujjuya abin a raina. Yankan ma'abota littafi halal ne, kuma su ba sa cin alade, ba sa cin jini. Giya ce matsalar, don da ruwan inabi suke buɗe kowane biki. Na faɗa masa gaskiya, ya ce to a daren kowa marar sa maye zai sha.

Mama ce mai teburin, bisa al'adar gidansu ta Maroko. Kafin a kawo abinci sosai sai da aka bi wasu ƙananan faranta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da addu'arsa. A tsoma tuffa a zuma a roƙi shekara mai zaƙi. A ɓare rumman a roƙi yawan ayyukan lada. Dabino, kabewa, wake, kowanne da abin da ake fata. Daga ƙarshe ta buɗe wani kwano, sai ga kan rago ya dahu luguf. Ta ce ana cinsa ne don a kasance a gaba kada a koma baya, kuma don tuna ragon Annabi Ibrahim. Dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Mama, mu a garinmu jelar ragon muke ajiyewa don daren sabuwar shekara." Kowa ya fashe da dariya. Baba ya ce, "Malam, ke nan in an haɗa gidanku da namu an tashi rago guda, tsakiyar kawai za a nema."

Ragon ne kuma ya kai mu inda muka rabu. A wurinsu ɗan da aka kai yanka Annabi Is'haƙu ne, labarin da suke karantawa ke nan a majami'a a rana ta biyu. Na ce a wurinmu Isma'ila ne. Baba ya ce ya sani, ya daɗe yana maƙwabtaka da Musulmi. Sannan ya ƙara da abin da ban zata ba, cewa a rana ta farko karatun nasu ya haɗa da labarin Hajara da ɗanta Isma'ila, yadda ruwa ya ƙare musu a daji, yaron ya yi kuka, Allah Ya nuna mata rijiya. Babu wanda ya ja wani zuwa ra'ayinsa. Aka zuba shayi.

Ban shiga majami'arsu ba, kowace ƙofa da masu gadinta, amma ƙahon na ji shi. Ƙahon rago ne zalla, ba bakin ƙarfe ba ramin yatsa, shofar suke ce masa. Sau ɗari ake busa shi a kowace rana ta bikin, busa iri uku: doguwa guda, sai mai karyewa uku, sai gajeru a jere masu rawa. Wanda ciwo ko tsufa ya hana shi fita, a bi shi gida a busa masa, don wajibin shi ne a ji. Haka na tsaya a bakin titi wani saurayi yana busa wa wata tsohuwa ta taga. Mu mun saba da ƙaho da kakaki a ƙofar sarki, ana busa su don a ɗaga darajar mutum. Wannan ba shi da daɗin ji ko kaɗan, ya fi kama da kukan maraƙin da aka raba da uwarsa, kuma haka ake so, domin aikinsa ya tayar da mai barci ya tuna akwai hisabi. Sun yi imani a ranar ake buɗe littafin kowa a rubuta rabonsa na shekara, na rai da na arziki, sai ranar goma a buga hatimi. Shi ya sa ba ka ganin wasan wuta ko kiɗa irin na daren 31 ga Disamba. Da la'asar iyalai suka nufi tafkin da ke lambun unguwar, suka yi addu'a suka karkaɗe aljihu a ruwa, alamar zubar da zunubi.

Kwanakin nan na tsakanin ɗaya da goma su suka fi tsaya mini a rai, kuma saboda su nake wannan rubutu. Koyarwarsu ita ce azumin ranar goma yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma abin da ke tsakanin mutum da mutum ba ya goguwa sai an je an sami mai haƙƙin, an biya shi, an roƙe shi. In ya ƙi a koma har sau uku. Wannan ba baƙon zance ba ne a kunnen Musulmi, malamanmu kullum haka suke faɗa game da haƙƙin bayi. Bambancin shi ne su sun yanke wa abin rana. Mu mukan bar shi sai za a tafi Makka, ko sai an kwanta ciwon ajali, ko a bar wa magada su tsaya a gaban gawa suna cewa mai bin bashi ya zo ya faɗa.

A shagon na gani da idona. Akwai littafin bashi a ƙarƙashin kanta, irin na kowane mai shago a duniya. A makon nan mutane suka yi ta zuwa suna biya, wani bashin ya shekara. Baba kuma ya zauna da biro ya soke sunayen waɗanda ya san ba su da shi. Wani mai kawo mana ƙwai, da suka yi wata da watanni ba sa gaisawa da Baba kan wani lissafi, ya shigo ya tsaya yana kame-kame, suka shiga ciki, suka fito ido jawur. Ranar Litinin da za mu tashi sai Baba ya kira ni. Can baya wani kwalin kwalabe ya taɓa ɓarkewa a hannuna, ya yi mini tsawa a gaban masu sayayya. Ni har na manta. Ya ce, "Malam, na kunyata ka a gaban mutane, kuma ranar ka yi ƙarin aikin da ban sa a lissafi ba. Ga kuɗinka. Ka yafe mini." Tsoho mai furfura, kuma shi ke biyana. Na ce, "Haba Baba, ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ya ce a'a, bai kai ga Allah ba tukuna, ni yake tambaya. Sai da na furta cewa na yafe sannan ya sallame ni.

Ba duka haka suke ba. Na ga masu yin abin a fatar baki, su tare ka a hanya su ce in na yi maka wani abu ka yafe, ba su ko tsaya jin amsa ba, irin saƙon da mu ma muke tura wa juna a waya daren kama azumi. Amma ranar tana nan a kalanda, tana matsa wa mai girman kai, tana kuma ba mai jin kunya hujjar yin sallama a ƙofar da ya daɗe yana kauce wa.

Yom Kifur, wato azumin nasu na ranar goma, ya shiga da faɗuwar ranar Talata 11 ga Oktoba, ya fita bayan duhu ya yi ranar Laraba. Kusan awa 25 ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Ni ma ina ɗauke da azumin Tasu'a da Ashura, amma nawa da sahur da buɗa-baki. Na fita da hantsi na zaga unguwar. Shaguna a rufe, ba motar da ke motsi a ƙofar gidajensu, maza da yawa sanye da farar riga wadda suka ce tana tuna musu likkafani, attajiri da takalmin roba a ƙafa. Sau biyar suke tsayuwar ibada a wannan rana, har sukan kai goshi ƙasa, abin da ba sa yi a sauran kwanaki in ba a sabuwar shekara ba. Da la'asar su karanta labarin Annabi Yunusa da mutanen da suka tuba aka janye musu azaba. In dare ya yi a busa ƙaho, kowa ya nufi gida.

Da na ba Baba labarin da kawuna ya ba ni, ya yi shiru yana shafa gemu. Ya ce su kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna a bazara suke tunawa da ita, a wani bikin daban. Goma ga Tishri kuwa, a ruwayarsu, ita ce ranar da Musa ya sauko daga dutse karo na biyu da alluna, bayan an yafe wa mutanensa bautar ɗan maraƙi. Malamanmu na da ma sun tsaya a kan wata tambaya mai kama da wannan, tunda a Rabi'ul Awwal Manzon Allah ya shiga Madina, ba a Muharram ba. Ibn Hajar ya kawo yiwuwar cewa Yahudawan suna lissafin ranar ne da shekarar rana. Ni dai azumina na yi don Manzo ya yi ya kuma ce a yi. Abin da ba gardama a kansa, ranar Musa ce a wurinsu, ranar Musa ce a wurinmu.

Bayan na sha ruwa na kira gida. Labarin ba daɗi. Kwanaki kaɗan kafin nan gwamnatin Kaduna ta haramta ƙungiyar almajiran Zakzaky, kuma a ranar Ashurar an yi arangama a Funtuwa da Kaduna da wasu garuruwa, an rasa rayuka. Mahaifiyata ta hana ƙannena zuwa Zariya. Ga kuma ciwon tumatir na bazarar da ta wuce bai warke ba, tsutsar nan da ta cinye gonakin Ikara da Kudan da namu har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayu.  Na ce, "Inna, an yi cika-ciki kuwa?" Ta ce, "Wane cika-ciki, ɗan nan? Tun rasuwar Iya wa ya ƙara rataye jela? Azumi dai mun yi. Yaran yanzu in ka aika musu da tuwo sai su ce bidi'a ka aiko."

Washegarin azuminsu da sassafe ƙarar guduma ta tashe unguwar. Ranar 15 ga watansu ake shiga Sukkot, bikin bukkoki, kwana bakwai. Kowane gida ya kafa rumfa a baya ko a ƙofa, a nan za a ci abinci, masu ƙarfin hali har kwana. Sharaɗin yana kan rufin: dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke, inuwarsa ta fi ranarsa yawa, amma ana so a iya hango taurari ta cikinsa. Jikokin Baba, samari 'yan jami'a, suka yi ta fama da tabarmar gora iska tana kwashewa. Na ce su ba ni igiya. Nan da nan na ɗaure ta tamau. Suka tsaya suna kallona, wai a ina na koya. A ina kuwa? Duk yaron da ya tashi a ƙasar Maƙarfi ya kwana a bukkar kara yana gadin gyaɗa ko masara, ko ya yi hunturu a bukkar masu mazarƙwaila, doki yana zagaya injin matse rake, tukunya tana tafasa har asuba.

Dalili biyu suka ba ni na bukkar. Ɗaya, tuna shekara arba'in da Bani Isra'ila suka yi suna yawo a hamada ba gida. Biyu, bikin tattara amfanin gona ne, lokacin da manomi ke tarewa a gona har ya gama kwashe abin da ya noma. Baba kuwa bai taɓa riƙe fartanya ba. Ubansa tela ne, kakansa ma haka. Amma ga shi ya maƙala tabarau yana jujjuya wani lemo mai kaurin ɓawo da ake kawowa daga Italiya ko Maroko, yana neman ɗan tabo, ya biya kuɗin da a gida zai sayi kwandon lemo. Ya haɗa shi da sabon reshen dabino da bai buɗe ba da rassan wasu itatuwa biyu, kullum safiya yana kaɗawa gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. A ƙarshen bikin suka fara roƙon ruwa, a birnin da ruwa ba ya ɗaukewa, don daminar wata ƙasa mai nisa suke roƙa. Mun ci abinci a bukkar da rigunan sanyi, yayyafi yana ɗiga a miya, Mama tana cewa in ya yi ƙarfi shari'a ta yarda a koma ɗaki, Baba yana cewa ai bai yi ƙarfi ba.

Ranar Talata 25 ga Oktoba suka sauke Attaura. Sun raba ta kashi-kashi suna karantawa kowace Asabar, sai ta ƙare a wannan rana, a take kuma su koma farko su ɗora. Maza suka yi ta rawa da naɗaɗɗun littattafan a kafaɗa, yara da tutoci da alewa. An sha giya ranar, wasu sun wuce kima, wannan kam bai burge ni ba.

Kada mai karatu ya ce zuma ta rufe mini baki. Mun taɓa zancen Falasɗinu da Baba, muka tashi kowa ransa a ɓace. Ra'ayina kan zaluncin da ake yi wa mutanen can bai motsa ba, abin da ya faru a Gaza daga 2023 ma ƙara masa ƙarfi ya yi. Abin da na gano shi ne su ma ba bakinsu ɗaya ba, a unguwar akwai masu tsananin riƙon addini da ba su yarda da kafa ƙasar Isra'ila ba sam. Ranar 2 ga Oktoban 2025, ranar Yom Kifur, wani ya kai hari majami'ar Heaton Park, tafiyar ƙafa daga ɗakin da na zauna, mutum biyu daga masu ibada suka mutu. Wanda ya far wa mai azumi a ƙofar wurin ibadarsa bai taimaki Bafalasɗine ko ɗaya ba, kuma ba addinin da na koya a Zazzau ya bi ba.

Na dawo Nasarawan Doya na tarar gonar tana nan, bukkar tana nan, ragon ma ana yankawa, al'adar ce ta tafi. Su da suka rabu da gona tun kaka da kakanni sun riƙe bikin kakarsu da hannu bibbiyu, mu da muke kwana a gonar mun saki namu a cikin tsara guda. Ba duka nake kuka a kai ba. Tun da aka kafa Izala a 1978 wa'azi ya yi ƙarfi kan abubuwan daren Ashura, kuma a wasu wuraren masu wa'azin suna da gaskiya. Takardar liman mai faɗin abin da shekara za ta zo da shi, gara da aka naɗe ta, gaibu na Allah ne. Wasan wuta ya sha ƙone danga. Cewa ƙoshin dare ɗaya yana jawo ƙoshin shekara kuwa camfi ne. Amma da aka tashi kawar da waɗannan sai aka haɗa da akushin da ke zuwa gidan tsohuwar da ba ta da kowa, da kuɗin sharar da ke sa taubasai su nemi juna ko sau ɗaya ne a shekara, ba a kuma kawo komai a madadinsu ba. Mutanen Senegal har yau suna Tamkharit, su dafa su raba wa maƙwabta, ba wanda ya ce sun bar Musulunci.

A gidanmu dai mun dawo da tukunyar bayan shan ruwan Tasu'a, ba da sunan ibada ta musamman ba, da sunan ciyarwa. Roƙona ga limaman Juma'a na Maƙarfi da Ikara da Kudan ƙarami ne. Jihohi da dama yanzu suna ba da hutun ɗaya ga Muharram, ana taro ana jawabi kan Hijira. A huɗubar farko ta watan, bayan an kwaɗaitar da azumin tara da goma, a ƙara da cewa duk mai riƙe da kuɗin takin wani, ko ladan ɗan ƙwadago, da wanda ya ci iyakar gonar maƙwabci, da 'yan'uwan da gado ya raba, su nemi juna kafin Ashura. Ba sai an kira shi sunna ba, ba kuma kwaikwayon kowa ba ne, tunda biyan haƙƙi wajibi ne a kowace rana. Rana kawai za a sa masa, dagatai da masu unguwanni su taya bibiya.